Daga Kuala Lumpur Zuwa Bayan Kebbe

Jiya da hantsi ɗaya daga cikinku ya leƙo shagona, ya ɗaga mini waya ya ce wai aikina ya mutu, tunda yanzu ko yaro zai iya yankan tikitin jirgi da babban yatsa. Ban yi fushi ba. Na ce ya rubuta Kuala Lumpur, ya rubuta Abuja. Nan take wayar ta ba shi amsa, kilomita dubu goma da ɗoriya, ga sa'o'in da za a yi a sama, ga farashi. Ba ta yi masa ƙarya ba. Sai na ce ya sake tambayarta daga Kuala Lumpur zuwa wani ƙauye a bayan Kebbe, ta hanyar Fakku, ranar da jirgin Sakkwato ya cika. Ya yi dariya ya koma wajen abokansa. To, tunda kun fi son karatu a waya da zama gaban tsoho, ga shi na rubuta muku, ku duba in kun gama gardamar ƙwallo.

Tikitin farko da aka bar ni na rubuta da hannuna na wani dattijo ne mai zuwa Bombai neman maganin ido. A Kano ne, a ofishin maigidana Alhaji Isiyaku. Mutumin Sanyinna ne, abokin mahaifina tun suna yara, shi ya sa da na gama sakandare aka sa ni a mota aka aika masa. Na daɗe ina shara da dafa shayi da bin layi da fasfon mutane kafin ya yarda na taɓa biro. A lokacin tikiti ɗan littafi ne mai shafuka, bayan kowane shafi da jan kabon mai kwafe rubutu. Da manyan baƙaƙe ake rubutawa, kana danna biro da ƙarfi don rubutun ya ratsa har shafin ƙarshe, kuma ba gogewa, ba karcewa. Harafi ɗaya ya karkace, littafin ya tashi aiki. In ka gama sai ka sa shi cikin wani ƙarfe mai hannu, ka ja, ya buga masa tambarin ofis. Duk wanda ya yi aikin nan a wancan zamani ana gane shi ko a masallaci, yatsunsa ja, gaban rigarsa ja. Na rubuta na dattijon tsaf, ba kuskure ko ɗaya, na kai wa Alhaji ina jiran yabo. Ya duba, ya tambaye ni ko na lura mutumin da sanda yake tafiya, kuma jikansa ke jansa. Na ce na gani. Ya ce to don me na ba shi canjin jirgi a filin da ko saurayi sai ya yi gudu kafin ya kai ƙofa ta biyu? Ya soke tikitin a gabana, ya sa na sake wani ta hanyar da ta fi tsawo amma ba gaggawa a cikinta.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai wani ƙaton littafi na lokutan tashin jirage da saukarsu, rubutunsa ƙanana ƙwarai, shi ya fara cinye mini ido. Akwai wayar tebur wadda sai ta ga dama take shiga. Sannan akwai ƙwallon taswirar duniya da Alhaji ya sayo a wata tafiya, da zaren ɗinki da yake ajiyewa a aljihun tebur. In baƙo ya yi gardamar nisa, ba ya ja da shi, sai ya ɗora zaren daga gari zuwa gari, ya tsinke shi, ya miƙa masa ya riƙe. Da ya tsufa ya rufe ofis, ƙwallon kaɗai na roƙa, ga shi nan bisa kantata ya koɗe, kuna wucewa kuna ce masa kayan tarihi. Kwamfuta ta zo daga baya, na koye ta da girmana, kuma ban raina ta ba, don ta raba mu da jan kabon da tsayuwa a layi.

Abin da kwamfuta ba ta canza ba shi ne yadda Alhaji ya koya mana fara lissafi. Bai taɓa bari mu fara daga filin jirgi ba. Daga ƙofar gidan mutum ake farawa, a ƙare a ƙofar da za shi. Wa zai kai shi tasha, da wace mota, hanyar ana binta da yamma ko ba a bi? Ya taɓa shiga jirgi? Fasfonsa yana hannunsa ko yana wani ofis? Sannan babbar tambaya, wadda ba a yinta da garaje: me zai kai shi? Ɗan kasuwa mai zuwa sayen kaya ba ruwansa da kwana a hanya in dai zai rage kashe kuɗi. Mai zuwa asibiti ba ka wahalar da shi. Wanda aka kira gida kuwa, wannan wani aiki ne daban, zan zo kansa.

Da na dawo Tambuwal na buɗe wannan shago kusa da tasha, mutane sun ce na haukace, wa zai hau jirgi a nan? Ashe suna nan. Masu Umra, 'yan kasuwar Dubai da na Sin, marasa lafiya masu zuwa Indiya ko Masar, daga baya kuma ɗalibai. Akwai wata Hajiya da na yi wa tikiti sau da yawa, kuma kowace tafiya sai mun yi faɗa a kan man shanu. Ta zuba shi a galan ta naɗe da zane, ta rantse ba wanda zai gani, a ƙwace a filin jirgi, ta dawo ta ce ni ne ban yi musu magana ba. Akwai wani Bafillace mai shanu da yawa da ya zauna a bencin nan ya tambaye ni, da gaske yake, ko direban jirgin zai tsaya in lokacin salla ya yi. Ban yi masa dariya ba, na kai shi wajen malami ya yi masa bayanin sallar matafiyi, sannan ya yarda ya biya. Wani ɗan kasuwar takalma kuma ya ƙi jin shawarata, ya ce mafi araha yake so. Na ba shi. Ya yi kwana da yini a kan kujerar ƙarfe a wani filin jirgi inda ba shi da bizar fita ko ƙofa, ya dawo ƙafafunsa a kumbure, tun daga nan in ya shigo cewa yake in zaɓa masa kawai.

Abu ɗaya ya haɗa mutanenmu duka: da Makka suke auna duniya. Kowa yana da wanda ya je Hajji, kowa ya ji cewa da safe aka tashi Sakkwato, kafin rana ta faɗi an sauka. Saboda haka duk ƙasar da ka ambata, a wajensu bayan Makka take kaɗan. Waya kuma ta ƙara rikita abin, don muryar wanda ke wata nahiya tana zuwa daidai da ta wanda ke Jega.

Shekarar annobar nan da aka rufe sama, ita ce shekarar da ban so tunawa. Sati guda ina da masu Umra cike da benci, sati na gaba ba jirgin da ke tashi ko'ina. Waɗanda suka sai da dabbobinsu suka biya suna zuwa kullum su zauna, ba su zage ni ba, zaman nasu ya fi zagi ciwo. Wasu mutanena sun maƙale a ƙasashen waje, suna kirana in yi wani abu, ni kuwa ba abin da ke hannuna sai haƙurin da nake ba su. Na rufe shago na koma fadama noman albasa tare da ƙannena, bayana ya gaya mini cewa na daɗe da barin fartanya. Abokan sana'ata da yawa ba su sake buɗewa ba. Ni na buɗe ne don ban iya wani abu ba, kuma don mutanen bencin nan sai da na ga kowa ya yi tafiyarsa ko an mayar masa da haƙƙinsa.

Yanzu ga aikin da ya sa na ce wa abokinku ya rubuta Kuala Lumpur.

Da bazara ne, bayan an sake buɗe hanyoyi, ana irin zafin nan da ko inuwa ba ta da daɗi. Wani manomi mai suna Ummaru ya shigo da hantsi, ƙura har gira, daga ƙauyensu na bayan Kebbe. Na san shi, don ni na yi wa ƙanensa Nasiru tikiti lokacin da ya samu tafiya karatu Kuala Lumpur ta ƙasar Maleshiya. Mahaifinsu ya daɗe da rasuwa, Ummaru ne ya riƙe gidan, shi ya yi ta noma yaron yana makaranta. Bayan mun gaisa ya zauna a bakin benci ya ce, "Alhaji, so nika a maido man Nasiru gida. Inna ka son ganinai."

Na tambayi jikin nata. Ya ce da sauƙi.

Ku da kuka tashi a nan kun san ba wanda zai ce maka jikin mahaifiyarsa ba sauƙi, ko da ana karanta mata Yasin ne. Ba ƙarya ba ce, tarbiyya ce. Amma ni ba zan iya zaɓar jirgi da wannan amsa ba, don haka sai in bi ta gefe. Na tambaye shi ko tana cin tuwo. Ya ce sai kunu, shi ma cokali kaɗan. Na ce salla fa, a zaune ko a kwance? Ya ce a kwance. Na ce an kira 'yan'uwansa mata daga gidajen mazajensu? Ya sunkuyar da kai ya ce tun shekaranjiya suna nan, har ta nemi gafarar kowa. Daga nan ban ƙara tambayar jiki ba.

Na ce tun yaushe take kwance? Ya ce tun kafin a gama sussukar dawa. Na ce Nasiru ya sani?

"Ita tac ce kar a hwaɗa mai, shina jarrabawa. Kullum in ya kira, tashi takai ta gyara murya." Sannan ya ce, "Ai jiya ma mun yi magana, muryatai ras awa shina bayan ɗaki. In ya taso gobe da sahe, ba ya kwan gida ba?"

Na sauko da ƙwallon. Na ɗora zare daga Sakkwato zuwa Jidda, na tsinke na ba shi. Na sake ɗora wani daga Kuala Lumpur zuwa Abuja, na tsinke na ba shi. Ya jera su bisa gwiwarsa, na biyun ya kusa ninka na farkon sau uku. Na gaya masa ba jirgin da ke yin wannan tafiya kai tsaye, sai an sauka ƙasar Larabawa an jira wani. Na gaya masa kuma ranarsu ta riga tamu, in muna sallar asuba su suna shirin azahar, don haka yanzu da muke magana yamma ta yi a can. Ya ci gaba da kallon zaren. Na ji tausayinsa ƙwarai, don na ga a lokacin ne ya gane abin da ɓoyon nan ya ci musu.

Muka kira Nasiru. Ummaru ya ce masa jikin Inna ya ɗan motsa, ya zo ya gan ta. Yaron ba wawa ba ne, muryarsa ta canza nan take. Na karɓi wayar na tambaye shi inda fasfonsa yake. Ya ce yana ofishin makaranta ana sabunta masa izinin zama, kuma an riga an tashi, sai gobe zai iya karɓo shi. Da a hannunsa yake, da ya bi jirgin wannan maraice. Haka muka rasa yini guda tun ba a fara tafiya ba. Na samar masa kujera a jirgin washegari, wanda zai sada shi da na Abuja ba tare da dogon jira ba, ya sauka da safe. Na ce kada ya ɗauki akwati ko ɗaya, jakar goyo kawai, don kada jiran kaya ya tsai da shi.

Matsalar tana gida. Jirgin Abuja zuwa Sakkwato na ranar da zai sauka ya cika maƙil. Na kira duk wanda na sani, ba kujera. Na yanka masa na washegari don ya zama a hannu, na kuma sa sunansa cikin masu jiran ko wani zai fasa. Mota ba ta da amfani, don in ya biyo ta Kontagora da Yawuri duhu zai same su a hanya, kuma ba direban kirki da zai ci gaba, sai su kwana. Ko ta sama ko ta ƙasa, abin da ke tabbas shi ne kwana ɗaya a hanya. Na yi wa Ummaru wannan bayani duka, ya hau mashin ya koma.

Ƙauyensu ba sabis sai an hau wani tudu kusa da firamare. Ranar da Nasiru zai sauka, ina buɗe shago, wayata ta yi ƙara. Ummaru ne daga kan tudun. Ya ce Allah ya yi wa Inna rasuwa bayan asuba. Na yi salati, na yi masa ta'aziyya. Ya ce ga liman zai yi magana da ni.

Limamin ƙauyen dattijo ne, muryarsa a kwance. Ya ce, "Alhaji, kai kas san hanyag ga. Yaron ga, ina shike yanzu?"

"Shina sama, Allah shi gafarta Malam. Bai sauka Abuja ba tukuna."

"Shina iske mu yau?"

Na yi masa bayanin jirgin da ya cika, da sunan da na sa cikin masu jira. Na ce in ya samu kujera, kafin magariba yana gida. In bai samu ba, sai gobe.

"Ka tabbata shina samu?"

Na daɗe a sana'ar nan, kuma na sha ganin an samu kujera a irin wannan jira. Na sha ganin kuma ba a samu ba. Na san in na ce na tabbata za su yi ƙoƙarin jira, na kuma san irin zafin da ake yi, da ɗakin ƙasa mai rufin kwano, ba asibiti kusa, ba wurin ajiya. In na ba su tabbacin da ba ni da shi, yaron bai zo ba, na wulaƙanta baiwar Allah a kan maganata. Ban taɓa jin nauyin amsa irin na ranar ba.

Na ce, "Ban tabbata ba, Malam."

Ya ce to ba za a ajiye mamaci a kan wataƙila ba, haƙƙinta ne a gaggauta. Dama za a jira mutanen Fakku da surukai har azahar. Ina jin Ummaru daga gefe yana roƙo a jira har la'asar. Liman ya ce an yarda, amma daga la'asar ba ƙari sai in labari tabbatacce ya zo. Ummaru ya karɓi wayar ya ce zai sake hawowa tudun bayan azahar ya ji. Kafin ya kashe ya ce, "Alhaji, don Allah kar ka hwaɗa mai bisa hanya." Ban buƙaci a gaya mini ba, ba a gaya wa matafiyi irin wannan labari, amma na amsa masa da to.

Nasiru ya sauka Abuja, ya ari wayar wani ya kira ni, don layinsa na can ba ya aiki a nan. Abin da ya fara tambaya jikin Inna. Na ce ya bar wannan tukuna, ya ruga wajen masu jirgin Sakkwato, ya tsaya a gaban teburinsu, kada ya zauna, kada ya je cin abinci, ya gaya musu mahaifiyarsa aka kira shi ya gani. Ya ce to. Daga nan shiru. Na kasa yin aikin komai, wani ya zo tambayar Umra na ce ya dawo gobe.

Bayan azahar Ummaru ya kira kamar yadda ya ce. Na gaya masa gaskiya, yaron yana tsaye a filin jirgi, har yanzu ba a ba shi kujera ba. Ya ce, "Tau," ya sauka daga tudun.

Bai fi shan shayi ba tsakani, wata baƙuwar lamba ta shigo. Nasiru ne, yana haki, daga cikin jirgi, da wayar wanda ke kusa da shi. Wani bai zo ba, an ba shi kujerar. Na kira Ummaru, ba ta shiga. Na kira lambar liman, ba ta shiga. Na kira mutum uku da na sani a Kebbe, ashe ranar sabis ɗin garin gaba ɗaya ya ɗauke. Na ɓata lokaci ina ta danna waya kamar yadda ku ma za ku yi, kafin hankalina ya dawo na fita tasha da gudu. Na samu ɗan kabu-kabu wanda ya san ƙauyen, na cika masa tanki, na ce kada ya ɗauki kowa, kada ya tsaya gaisuwa, ya je ya ce wa Ummaru yaron ya taso, a jira. Sannan na kira direban da nake aiki da shi a Sakkwato na ce ya tsaya a bakin ƙofar fita, ya bar mota a kunne.

Ku da kuke ganin aikin nan danna waya ne, ku lura da wannan wuri. Yaron ya ƙetare teku da ƙasashen da ban san adadinsu ba yana zaune a kujera, an kawo masa abinci har sau nawa. Saƙon kalma biyu kuma ya gagara zuwa daga Tambuwal zuwa bayan Kebbe sai a bayan mashin.

Bayan la'asar motar ta tsaya a ƙofar shagona. Na rufe na shiga, don ban ga yadda zan bar shi ya ƙarasa shi kaɗai ba. Ya rame, idanunsa sun yi ja don rashin barci, yana rungume da jakarsa da wata leda ta dabino da ya saya a inda suka canza jirgi. Mun bar kwalta muka kama hanyar Kebbe, sai ya juyo ya ce, "Baba Alhaji, kun yi magana da su yau?"

Na ce mun yi.

"Ya jikin nata?"

Na ce, "Mu dai isa, Nasiru."

Ya dube ni, ya mai da kansa ga taga. Bai sake tambaya ba har muka kai Kebbe. Ni kuma ban san ko saƙona ya isa a kan lokaci ba, don haka ko da na so yin magana ban san me zan ce ba. Ina ta roƙon Allah a zuci ya sa mu iske ta a gida, ko fuskarta ya gani, ya samu sallar jana'iza.

A Kebbe muka bar mota, don daga nan yashi ne, muka hau mashina biyu. Rana ta yi ƙasa sosai sa'ad da muka hango ƙauyen. Tun daga nesa na ga tabarmi a shimfiɗe a ƙofar gidansu, maza zaune jeri, ga ɗan kabu-kabun da na aika yana tsaye jikin bishiya. Da muka haɗa ido ya girgiza mini kai. Nasiru ya sauka tun mashin bai gama tsayawa ba. Ba wanda ya gaya masa komai, ya ga ƙasa a ƙafafun wandunan mutane. Liman ya taso ya riƙe hannunsa biyu, ya yi masa ta'aziyya, ya ce an kai ta bayan la'asar, an yi mata sutura yadda ya kamata, jama'a sun taru da yawa. Aka kawo ruwa a kwano aka ce ya zauna ya sha. Ya karɓa bai sha ba, ya miƙa wa na kusa da shi tare da ledar dabinon. Daga cikin gida kukan 'yan'uwansa mata ya tashi, sun ji ya iso.

Ya duba cikin mutanen, ya ce ina Yaya Ummaru? Aka ce bai dawo daga maƙabarta ba.

Muka bi wata 'yar hanya ta bayan gari, ni da shi, liman yana biye da mu a hankali. A hanya liman ya gaya mini cewa ɗan aikena ya iso an riga an jera itace, an lulluɓe da laka, ana tura ƙasa. Ba a buɗe kabari don wani ya makara, kuma Ummaru bai nemi a yi haka ba. Abin da ya roƙa kawai, da aka gama tara ƙasa, kowa ya koma gida a bar masa sauran.

Mun same shi zaune a ƙasa gefen sabon kabarin, shi kaɗai, hannayensa duk laka ta bushe. Kun san yadda ake yi, in an gama tara ƙasa ana yayyafa ruwa a kai don ta kama, sannan a ɗora ƙaya saboda dabbobi. Ƙayar tana gefe a tare, ba a ɗora ba. Ƙasar kabarin a bushe take. Kusa da gwiwarsa ga bokiti cike da ruwa, ya rufe shi da hularsa da faifai don kada awaki su sha.

Ya miƙe da ƙyar. Bai rungumi ƙanensa ba, ba su saba ba. Ya dube shi ya ce, "Ban iya tsai da su ba, Nasiru. Amma ruwan ga ba wanda yat taɓa shi. Zo ka zuba ma Inna."

Nasiru ya sauke jakar daga bayansa, ya cire takalma, ya durƙusa. Ya tambayi wansa ina ne wajen kai, Ummaru ya nuna masa. Ya tsoma hannu biyu cikin bokitin ya fara daga nan.